Kafin ka jefar da garmahon Baba

Faifan garmaho ya dawo kasuwa, kuma da ƙarfinsa ya dawo. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta ce a shekarar 2022 yawan faya-fayan garmaho da aka sayar a ƙasar ya zarce na CD, abin da rabon da a gan shi tun 1987. A nan Ingila ma, da wuya ka shiga babban kantin kayan lantarki ba ka ga na'urar juya faifai a jere kusa da talabijin ba. Guguwar ta iso mu mazauna waje ta wata ƙofa daban. Mutum ya je gida ta'aziyya ko rabon gado, a buɗe ɗakin ajiya, sai ga kwalin faya-fayai da tsohon garmaho da ƙura ta lulluɓe, babu mai so a cikin magada. Ya ɗauko ya taho da su. Bayan wata biyu sai ka ji tambaya a zauren WhatsApp: "Jama'a, in kai wannan tsohon gyara ne, ko in sayi sabo in huta?"

Amsar da aka fi ba shi ita ce ya sayi sabo, ai ga su nan fam 50, har da bulutut. Ni ban yarda da wannan amsa ba. A ganina, in tsohon na kirki ne tun asali, gyara shi ya fi, a wajen kuɗi da wajen sauti. Dalilina mafi girma kuwa shi ne lafiyar faifan da za a ɗora a kai.

Garmaho in ya mutu akwai wani a kasuwa. Faifan Bob Marley ko na Michael Jackson in ya lalace, gobe za ka sayi sabo fil a leda, domin har yau ana buga su. To faɗa mini kantin da za ka shiga ka sayi sabon faifan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Abin da kamfanoni irin su EMI suka buga a wancan zamani shi ke nan, kuma kullum raguwa yake yi. Zafi ya lanƙwasa wasu, yara sun yi wasa da wasu, wasu an zubar lokacin tashi daga gida. Yawancin abin da muke saurare a YouTube kwafi ne daga kaset, kaset ɗin ma kwafin wani kaset ne, shi ya sa za ka ji kalangu kamar ana kaɗa shi a cikin rijiya. Wanda ke riƙe da faifan asali mai lafiya, amana ce a hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Yanzu mu duba yadda na'ura take cin faifai. Sautin yana cikin wani siririn layi da aka zana a jikin faifan, allura ce take bin layin tana karkarwa, karkarwar nan ce ake mayarwa sauti. Duk juyi ɗaya, allurar tana gugar bangon layin. Abu biyu ne ke sa gugar ta zama ɓarna: nauyin da allurar ta danna da shi, da kuma ko bakinta ya cinye. Kan allura na kirki, irin su Audio-Technica VM95 ko Ortofon 2M Red, yana dannawa da nauyin giram 2 ko ƙasa da haka kaɗan. Su kuwa ƙananan na'urorin nan masu kama da akwatin tafiya, waɗanda aka cika kasuwa da su, da yawansu suna dannawa da giram 5 ko fiye, kuma babu wurin da za ka rage. Allurar da ake sa wa da yawansu ba ta lu'ulu'u ba ce, tana cinyewa da wuri, mai ita kuma bai san ana canzawa ba. Ga lasifika a jikin akwatin tana girgiza faifan yana cikin juyawa. Ban ce sauraro ɗaya zai kashe faifai ba. Amma faifan da ya kai shekara hamsin, wanda tun a gida ya sha wahala, ba shi ne za a miƙa wa irin wannan na'ura ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake da garmaho ya san dabarar iyayenmu ta ɗora kwabo a kan hannun allura don kada ta yi tsalle. Wannan kwabon ya riga ya ci rabonsa a jikin faifan. Ka bar tsohuwar na'ura mai nagarta ka koma wa akwatin fam 50, ai tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Me tsohon yake da shi da ya sa nake kare shi? Daga wajen 1970 zuwa farkon shekarun 1980, faifai shi ne babbar hanyar sauraron waƙa a gida, kamfanoni kuma suna gasa a kan wa zai fi wani inganci. Technics da Pioneer da Sony na Japan, Dual ta Jamus, da Thorens, duk sun yi na'urori masu nauyi, masu farantin ƙarfe da hannu mai ma'aunin nauyi a bayansa. Technics SL-1200 ta fara fitowa a 1972, kamfanin ya dakatar da ita a 2010, masu so suka yi ta kira har aka dawo da ita a 2016, kuma har yau akwai na shekarun 1980 da ke aiki a gidajen biki. Sassan da suka fi tsada a garmaho, wato injin juyawa da faranti da hannu, su ne ba sa saurin mutuwa. Waɗanda ke mutuwa su ne masu araha. Bel ɗin roba da ke juya faranti yana saki ko ya narke ya zama kamar kwalta, sabonsa bai cika wuce fam 10 zuwa 20 ba. Man da ke cikin gindin faranti yana bushewa, ɗigo kaɗan ne maganinsa. Allura tana cinyewa bayan awa 300 zuwa 1,000 na aiki, gwargwadon irinta. Sabon kan allura mai kyau gaba ɗayansa yana kamawa wajen fam 30 zuwa 60. In ka haɗa duka, sau da yawa ba za ka kai fam 100 ba, alhali sabuwar na'urar da za ta yi kafaɗa da kafaɗa da ita sai ka tanadi fam 250 zuwa 300 ko fiye. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai fa ba kowane tsoho ne zuma ba. A wajen aikinmu na jinya ba a ba da magani sai an auna mara lafiya, haka nan ma. Kafin ka kashe ko sisi, ka zauna ka duba shi da kyau. Fara da wayar wuta: in ta tsage ko ta bushe tana farfashewa, kada ka jona, a canza ta tukuna. Sai ka juya farantin da hannu ka ga ko yana tafiya sumul ba tare da ƙara ko rawa ba. Ɗaga hannun allura a hankali ka kai shi tsakiya ka dawo da shi. In yana tafiya ba tare da cijewa ba, kuma ba ya kwarkwar a gindinsa, to babban abu ya tsira. Duba bayan hannun ko akwai dunƙulen ƙarfe mai lambobi da ake murzawa, shi ne ma'aunin nauyi, kuma samunsa alama ce ta na'urar kirki. Duba kan allurar ko da sukurori biyu aka ɗaure shi, domin irin wannan ɗaurin kusan kowane sabon kai zai hau. Daga nan ka kunna ka auna gudu. Akwai manhajojin waya da za ka ɗora wayar a kan faranti su gaya maka ko yana yin zagaye 33 da sulusi a minti ko ya kauce. Tsohuwar allurar da ka tarar a jiki kuwa, kada ka gwada ta a kan faifan da kake ji da shi ko sau ɗaya, tunda ba ka san awa nawa ta yi ba. Ɗan sikelin auna nauyin allura bai wuce fam 10 ba, ka saye shi tare da sabon kan.

Akwai wani abu da ke sa mutane su yanke wa lafiyayyen garmaho hukuncin mutuwa. Mutum ya jona shi da lasifikar zamani, sai ya ji sauti can ƙasa-ƙasa, siriri, babu kauri, sai ya ce ai ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Sautin da ke fitowa daga allura ƙarami ne ƙwarai, kuma tun wajen buga faifai ake rage kaurinsa da gangan don layin ya samu wuri. Tsofaffin amfilifaya suna da ƙofa ta musamman da aka rubuta PHONO a kanta, ita ke ƙara ƙarfin ta maido da kaurin. Yawancin kayan yanzu ba su da ita. Ƙaramin akwatin da ke yin wannan aiki ana samunsa daga fam 20 zuwa sama. In kuma ka ji wani gurnani yana bin sautin, nemi siririyar waya ta uku da ke fitowa daga bayan na'urar ka ɗaure ta a sukurun da aka tanada a jikin amfilifaya, yawanci gurnanin zai ɗauke.

Ka kuma san irin faifan da ke hannunka, domin iri uku ne. Akwai babba mai gudun 33 da sulusi, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948. Akwai ƙarami mai gudun 45, na RCA Victor, 1949. Akwai kuma wanda ya girme su, mai gudun 78, mai nauyi, mai fashewa kamar tangaran in ya faɗi. In kwalin da ka gada na kaka ne, kana iya tarar da wannan na ukun a ciki, kuma shi ne ya fi kowanne wuyar samu. Layinsa ya fi faɗi, don haka allurarsa daban ce, ta fi ta sauran kauri kusan sau huɗu. Ka sa masa siririyar allura, za ta nutse ƙasan layin ka ji ƙara kawai. Sababbin na'urori da yawa ba su da gudun 78 sam, yayin da tsofaffi da dama na Dual da Garrard suke da shi. Kada kuma a goge faifan 78 da sifirit ko wani abu mai barasa a ciki, domin yana narkar da shi. Kyalle mai laushi da ruwa mai tsabta kaɗan sun isa, a kiyaye takardar tsakiya.

Yanzu ga maganar da ta shafe mu mu 'yan ci-rani fiye da kowa, kuma ban cika jin ana yin ta ba: wutar lantarki ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Kowa ya san Amurka 120 ce, Ingila da Najeriya da Gana 230, don haka ana sayen taransifoma. Abin da ake mantawa shi ne bugun wutar. A Ingila da Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan, wuta tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. A Amurka da Saudiyya sau 60 ne. Garmaho da yawa masu bel, tsofaffi har da wasu sababbi, injinsu da wannan bugun yake ƙidaya gudunsa, kuma taransifoma ba ta canza shi, sitabilaiza ma haka. Ka sayi irin wannan a New York ka aika wa Baba a Katsina, faifan 33 zai koma yana juyawa wajen 28, Shata ya zama kamar mai jin barci. Ka ɗauko na gida ka kai Jidda, zai haura zuwa 40, murya ta koma ta yara. Maganinsa shi ne a canza ɗan ƙaramin gargaren da bel ke hawa a kan injin zuwa na ƙasar da za a yi amfani da shi, ko kuma a nemi na'urar da ke daidaita gudunta da kanta, kamar masu rubutun Quartz a jiki, waɗanda ba ruwansu da bugun wuta. Ga wanda ke gida yana fama da janareta mai hawa da sauka, wannan irin ya fi masa. Duba takardar da ke manne a baya ko a ƙarƙashin na'urar, an rubuta 50Hz ko 60Hz ko duka biyun.

To yaushe ne sayen sabo ya fi? Masu wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba zan ƙi faɗa ba. In abin da ka gada garmahon wani ne, mai hannun murzawa da allurar ƙarfe, wannan kayan tarihi ne. Ka goge shi ka ajiye a falo. Allurarsa ana canza ta ne bayan kowane gefe ɗaya na faifai, kuma in ta hau faifan 33 ko 45 za ta kashe shi nan take. In kuma irin babbar rediyon nan ce mai kama da kabad, wadda ake jera faya-fayai biyar suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu da injin BSR a ciki, to hannunta mai nauyi ne tun daga kamfani, gyara ba zai mayar da ita mai sauƙi ba. Masu kwalabe a ciki kuma suna iya riƙe wuta ko bayan an cire su daga soket, kada wanda bai iya ba ya sa hannu. In hannun allura ya lanƙwashe, ko injin ya ƙone, ko na'urar roba ce mara nauyi irin ta ƙarshen shekarun 1980, kuɗin gyara zai fi ƙimarta. Akwai kuma maganar lokaci. Wanda ke aikin dare huɗu a jere, ga yara, ga kiran gida, ba lallai ya samu sukunin neman bel a eBay ba, kuma a nan Turai ladan mai gyara na awa ɗaya yana iya fin kuɗin kayan gyaran duka. A gida akasin haka ne: ladan mai gyaran rediyo da sauƙi, kayan ne babu. Wannan kuwa gyararre ne a tsakaninmu, tunda bel da allura ba su fi a sa a aljihun jaka ba in wani zai tafi.

In dai sabon za ka saya, ka sayi wanda ba zai ci amanar faifai ba. Ya kasance yana da ma'aunin nauyi, ana iya canza masa allura, kuma lasifikarsa ba a jikinsa take ba. In dattijo za a saya wa, wanda hannunsa ke rawa ko idonsa ya yi rauni, a nemi mai sauke allura da ɗauke ta da kansa in an danna maɓalli. Wannan kam na yarda sabo mai sauƙin sarrafawa ya fi masa tsoho mai buƙatar lallami. Abin da nake ƙi shi ne a sayi mafi araha don kawai ya yi kyau a hoto. Araha ba ta ado.

Wani zai ce, ke da kike fama da marasa lafiya, me ya haɗa ki da allurar garmaho? Ni kaina ban tashi da faifai ba, zamanin kaset da CD na tarar. Aikin ne ya koya mini darajarsa. Ina yawan kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa, kuma na sha ganin wanda ya kasa tuna sunan 'yarsa, amma a sa masa waƙar da ya ji yana saurayi sai ka ga leɓensa yana bi, har ya ɗago kai ya dubi mutane. Ba warkewa ba ce, amma rabin awa ce ta natsuwa ga shi da iyalinsa. Turawan da nake jinya, 'ya'yansu cikin minti ɗaya suke nemo musu waƙoƙin zamaninsu a waya, tas da su kamar jiya aka yi. Mu fa? Iyayenmu da suka zo ƙasashen nan tun shekarun 1970 da 1980 sun fara tsufa a nan, wasu a gidajen kula da tsofaffi inda babu mai jin Hausa. Ranar da za mu nemi abin da za mu sa musu, sautin da za mu samu ya dogara ne da yadda muka riƙe faya-fayan da ke hannunmu yau.

Saboda haka, ko ka gyara ko ka saya, aikin farko da za ka sa na'urar shi ne kwafe faya-fayan zuwa kwamfuta. Akwai akwatunan PHONO masu ƙofar USB, akwai kuma manhajar Audacity wadda kyauta ce. Ka ɗauki hoton bangon faifan da takardar tsakiyarsa, domin a nan sunan kamfani da lambar faifai suke. Ka tura wa 'yan uwa kwafi, kada ya zauna a wuri ɗaya. Su kuma faya-fayan a jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da rana da hita, a cikin rigunansu saboda ƙura. Wanda kuma ba ya sauraron kiɗa saboda fahimtarsa ta addini, ina girmama wannan, amma ina roƙonsa kada ya zubar ko ya ƙona. A cikin waƙoƙin nan akwai sunayen garuruwa da sarakuna da 'yan kasuwa, akwai Hausar da yanzu ba a cika jin irinta ba. Ya tuntuɓi masu nazarin Hausa a Jami'ar Bayero ta Kano, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko sashen adana sauti na British Library a Landan, ya ji ko suna buƙata, ko ya ba wani ɗan uwa da zai riƙe.

Shawarata a taƙaice: kada ka yanke wa tsohon garmaho hukunci kafin ka auna shi. In farantinsa da hannunsa da injinsa lafiya, ka sa masa sabon bel da sabuwar allura, ka duba maganar wuta, zai yi maka shekaru. In ya riga ya gama, ka tara kuɗi ka sayi na kirki, faya-fayan su jira a cikin kwali, tunda sun jira shekara arba'in ba su ce komai ba. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.